Ranar da Azumi Ta Shanya Littattafai

Malam Barau ya daɗe yana koyar da Alƙur'ani da tajwidi a wata makarantar yara da ke unguwar Bani Harisa a Madina, har ranar da aka kira shi ofis aka ce lokacin hutunsa ya yi. Shi dai bai ga hutu a ciki ba. Shekarunsa sittin da 'yan kai, haƙoransa suna nan cif, muryarsa kuwa in ya ɗaga ta a ajin ƙarshe ana jin ta a bakin titi. Sai ga shi yana wuni a gida a Al-Azizya, daga tabarma zuwa taga, yana gyara wa jikoki karatu suna amsa masa da Larabci, yana gyara wa matarsa Azumi yadda take jera tukwane.

"Malam, don Allah ka fita," in ji Azumi. "Je ka Harami. Je ka shagon Maikuɗi. Ka bar mini kicin ɗina."

A shagon Maikuɗi ɗin, abokinsa mai sayar da kayan yaji, ya ji labarin wata ƙungiyar da'awa da ke neman dattawan malamai ta tura su ƙasashe masu nisa na shekara biyu. Farkon 1981 ke nan. Bai shawarci kowa ba ya je ya ba da sunansa. Aka ce za a tura shi Juzurul Ƙamar, wasu tsibirai da ke cikin teku tsakanin gaɓar Afirka da Madagaska.

Azumi tana tsintar shinkafa ya faɗa mata. Ta ajiye faifan.

"Tsibiri? Malam, iyayenmu daga Katsina suka tako da ƙafa. Sun yi noman auduga a Sudan don su sami guzuri, suka haye ruwa a kwale-kwale, duk don su zo su kwanta a maƙabartar Baƙi'a. Ni da aka haifa a nan, sai da na tsufa za ka ɗauke ni ka kai ni tsakiyar ruwa in mutu?"

"Wa ya ce za ki mutu?"

"Wa ya ce ba zan mutu ba?"

Ɗansu Balarabe, ma'aikacin gidan waya, ya zo da yamma ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota. "Lesh ya abuya? Esh naƙis alaik?" Wai me ya rasa a gida.

"Mai saurarona na rasa," in ji Malam da Hausa.

Azumi ta yi fushi na 'yan kwanaki, sannan ta fara haɗa kaya, don ta san ba wanda ya san cikin Malam sai ita. Ta cika gwangwani da dabino, ta ƙulle kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da ta saya a hannun alhazai. Shi kuma ya cika akwatin ƙarfe da littattafai.

Jirgi uku suka hau, sannan wata tsohuwar mota ta bi da su ta hanyar da aka fasa cikin baƙin dutse, teku a hagu, kurmi a dama. Azumi ba ta taɓa ganin kore irin wannan ba, kuma bai burge ta ba. Iskar ce ta fara damunta, mai nauyi da danshi, kamar an lulluɓe mutum da jiƙaƙƙen bargo.

Ƙauyen duka ya fito tarbarsu. Aka rataya wa Malam furanni a wuya, yana cirewa ana mayarwa. Tafintan da aka haɗa su da shi sunansa Abdulsalam, siririn mutum mai sanyin murya, ɗan shekara arba'in, wanda ya taɓa karatu a Masar bai ƙarasa ba. Shi ya kai su gidan da aka tanadar musu: ɗaki biyu na dutse, rufin kwano, a gefe ga wani babban rami da aka shafe da siminti inda ruwan sama ke taruwa, don ƙauyen ba rafi ba rijiya. Maƙwabciyarsu Hawa, wata mace mai jiki da ƙarar murya, ta zo da mabuɗi. Malam ya miƙa hannu. Ta wuce shi ta danƙa wa Azumi.

"A nan gida na mace ne, ya Shaikh," in ji Abdulsalam da Larabci. "Uba ke gina wa 'yarsa, miji ya zo ya same ta a ciki. Wannan na ƙanwar Hawa ne da ke Faransa, an ba Hajiya aro."

"Ni kuma fa?"

"Kai mijin mai gida ne."

Azumi ta ɗaure mabuɗin a bakin mayafinta. Tun daga Jidda sai a lokacin ta yi murmushi.

Murmushin bai daɗe ba. Ba a barin ta ta yi girki. Kullum wani gida ke kawo musu abinci, bi da bi, kuma dole tire ya koma ba komai a kai, in ba haka ba an ci mutuncin masu gidan. Yau shinkafa da madarar kwakwa, gobe ganyen rogo da madarar kwakwa, jibi ɗanyar ayaba da kifi cikin madarar kwakwa. Cikin Malam ya ƙi karɓa, ya rame, ya koma zarya tsakanin ɗaki da bayan gida. Wata rana Azumi ta rufe ƙofa ta tuƙa masa tuwon shinkafa, ta kwance daddawa za ta kaɗa miya. Sai ga Hawa ta faɗo tana toshe hanci, ta ɗauka wani abu ne ya mutu a gidan. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ɗaga tabarma, har ta gano ƙullin daddawar. Ta ɗauke shi da yatsu biyu ta fita da shi can nesa, ta dawo tana murna ta yi wa baƙuwa taimako. Azumi ta zauna a kan turmi ta yi kuka. Kukar miya kuwa danshi ya mai da ita dunƙule. Dabinon ma bai yi wata ba, don duk mai yaro mara lafiya sai ta zo a ba ta ƙwaya ɗaya ta garin Manzo.

Ƙurajen zafi suka feso wa Azumi a wuya da goshi. Matan ƙauyen suna goga itacen sandal a kan dutse su shafe fuskarsu da shi, fari fat. Suka zaunar da ita suka shafe ta. Malam ya shigo ya ja da baya.

"A'uzu billahi! Mene ne wannan?"

"Magani ne. In kana da wanda ya fi shi, ba ni."

Ba shi da shi.

Nasa ciwon ya fi na ciki. Ya sa aka yi shela za a fara karatu bayan sallar asuba. Da aka sallame maza suka gaishe shi hannu bibbiyu, suka wuce bakin teku suka tura kwale-kwalensu. Ya mai da shi bayan azahar, ya tarar masallaci ba kowa, zafi ya kwantar da gari. Bayan la'asar suna dandali suna wani irin dara na ramuka, ba mai tashi. Bayan magariba sauro ne ke da gari, ga ba lantarki. Yara kuma suna da tsohuwar malamarsu da ta koyar da iyayensu, ba wanda zai cire ɗansa daga gabanta. Mutanen Musulmi ne tun kaka da kakanni, suna sallah, suna azumi, kuma suna son Malam so na gaskiya. Sai dai abin da suke so a wurinsa shi ne ya tofa a ruwa, ya shafa kan jariri, ya ɗaga hannu a kan sabon kwale-kwale.

"Ni ba tofi na zo yi ba," yakan ce wa Azumi. "Da tofi ne, ai a Madina ma ina da yawu."

Ya sa ransa a kan Juma'a. Masallacin Juma'ar ƙofa biyu gare shi. Ta gaba dattawa ke shiga, masu doguwar riga da wani ƙyalle mai zaren zinariya a kafaɗa, sauran jama'a kuma ta baya. Shi an shigar da shi ta gaba an zaunar da shi kusa da liman. Makonnin farko ya yi kawaici. Wata Juma'a da aka sallame ya miƙe, ya gyara murya, ya fara hamdala. Sai ya ji an kama gefen rigarsa. Babban dattijon ƙauyen ne, Mze Bakari, yana murmushi yana jan sa ƙasa a hankali, kamar yadda ake zaunar da yaron da ya miƙe a gaban manya. Malam ya zauna. Wani dattijo ya tashi ya yi dogon jawabi da yarensu, aka watse.

A hanya ya tsare Abdulsalam.

"Ya Shaikh, a nan ba kowa ke magana a masallacin Juma'a ko a dandali ba. Sai wanda ya yi babban aure."

"Wane irin babban aure? Ni da nake da jikoki?"

"Wannan ƙaramin aure ne. Babban shi ne wanda mutum zai ciyar da gari duka kwana da kwanaki, ya yanka shanu, ya yi wa matarsa zinariya, a raka shi gidanta da kiɗa. Wanda ya yi shi ne cikakken mutum. Wanda bai yi ba, ko furfura ta cika masa kai, yaron gari ne. Wasu sai sun yi rabin rayuwarsu a Faransa suna wanke kwanuka kafin su iya."

"To ni a wane layi nake?"

Abdulsalam ya sunkuyar da kai. "Kai baƙo ne mai daraja. Addu'arka ana son ta ƙwarai."

"Layina na tambaye ka."

"Layin da nake, ya Shaikh, na yaran gari."

Daga ranar Malam ya zauna ya tsara wa'azi a kan almubazzaranci, da ayoyinsa da hadisansa. Ba inda zai yi shi, sai ya riƙa karanta wa Azumi, yana gyarawa yana sake karantawa, har ta haddace. In ya tsaya neman kalma, ita ke ba shi daga kicin.

Da lokacin bukukuwa ya zo, 'yan ƙauyen da ke Faransa suka dawo da manyan akwatuna. Gari ya rikice da kiɗa da yanka. Ana cikin haka wata yamma dattawa suka zo gidan, suka tsaya a ƙofa suka nemi izinin Azumi, sannan suka shiga. Mze Bakari ya yi magana, Abdulsalam yana fassarawa. Ya ce abin ya daɗe yana damunsu, baƙo daga garin Manzo yana zaune a cikinsu ba ya magana. Sun yi shawara, gari zai ɗauki nauyin komai. Za a ba da shanu, mata za su ara wa Hajiya zinariya, a yi musu babban aure, a rako Shaikh gidan matarsa kamar kowane cikakken mutum. Bayan nan ya yi ta magana har ya gaji.

Malam ya ji kansa ya yi zafi. Ya ce, "Ka ce musu na gode. Ka ce musu ba zan yi ba. Abin da na zo in yi magana a kansa ke nan, ba zan shiga cikinsa don a ba ni baki ba."

Abin da Abdulsalam ya faɗa musu bai kai tsawon haka ba. Dattawan suka tashi jiki a sanyaye.

Suna fita Azumi ta ce, "Da ka yarda mana."

"Me kika ce?"

"Na ce da ka yarda. Ka tuna yadda aka kawo ni ɗakinka? A ƙafa, ni da gwaggona, da tabarma da buta. Ko guɗa ba a yi ba, wai kada maƙwabta su ce Takari sun cika hayaniya."

"Yanzu ke da girmanki ganga kike so a buga miki?"

"Ba gangarsu nake so ba, ba zinariyarsu nake so ba! Auren nan da ake magana da ni za a yi shi, amma ko juyowa ba ka yi ka dube ni ba. Haka ka je ka ba da sunanka ba ka tambaye ni ba. Ka kawo ni inda ba mai jin maganata, ina cin kwakwa safe da yamma, gwiwata ta kumbura, kai kuma kana yi mini wa'azin almubazzaranci. Me na taɓa ɓarnatar maka?"

Shi ma ya ɗaga murya, muryar nan tasa ta aji. Rufin kwano ne, katangar kuma gajera. Hawa ba ta jin Hausa, amma ta ji komai.

Washegari rana ta fito tas, bayan an daɗe ana ruwa. Malam ya fita, shi da Abdulsalam suka shiga mota zuwa birni neman maganin ciki. Azumi tana shara ta ji wani wari daga akwatin ƙarfen. Ta buɗe. Fumfuna ta cinye bangon tafsirin, shafuka sun manne da juna, wasu sun yi kore. Haushinsa take ji, amma ta san yadda ya tara littattafan nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ja akwatin da ƙyar har ƙofar gida, inda rana ta fi bugawa, ta baza littattafan a kan dakali. Ta koma ta duba kayan sawarsa, su ma duk sun yi. Ta kwaso riguna da huluna da takalmansa na fata ta jera a waje.

Hawa ta leƙo, ta dafe ƙirji, ta ruga. Kafin wani lokaci mata sun cika ƙofar gidan. Wannan ta rungume Azumi, waccan ta share mata fuska. Azumi ta ɗauka taya ta aiki suka zo yi. Ta nuna kayan, ta toshe hanci, ta yarfe hannu, ta ce da Larabci, "Kharban! Ya lalace, duk ya ruɓe!" Wata da ke ɗan tsintar Larabci ta fassara wa sauran. Suka girgiza kai, suka ce dama sun ga alama.

Da Malam ya sauko daga mota ya ga mazan dandali suna kawar da kai. Wani tsoho ya zo ya dafa masa kafaɗa. Da suka hango ƙofar gidan Abdulsalam ya tsaya cak.

"Inna lillahi. Ya Shaikh, zo mu je gidan yayata ka sauka."

"Saboda me?"

"A nan in mace ta gaji da miji, kayansa take fitarwa ƙofa."

Malam ya dubi littattafansa, ya gane abin da ya faru, ya nufi ƙofa. Hawa ta tare ta da jikinta, hannuwa a buɗe, mata a bayanta. Ya ɗaga murya ya kira matarsa. Ta leƙo ta taga. Da Abdulsalam ya yi mata bayani sai dariya ta kama ta, ta riƙe ƙarfen tagar tana yi har da hawaye.

"Malam, wallahi ni ban kore ka ba. Shanya na yi."

"To faɗa musu!"

Ta faɗa, Abdulsalam ya fassara. Matan suka ce tsoronsa take ji, kowa ya ji irin tsawar da ya yi mata jiya, ga ta nan ma tana kuka. Suka ce ba zai taka gidan ba sai dattawa sun zauna. Dattawa kuwa suna tsakiyar wani biki. Haka Malam Barau ya kwashi littattafansa ya tafi gidan yayar Abdulsalam, ya yi kwana biyu a ɗakin da ake ajiye busasshen kifi. Azumi ta so ta aika masa da bargo, Hawa ta hana, ta ce kada ta nuna masa rauni.

Ranar zama aka taru a dandali bayan la'asar. Dattawa a kan dakalin siminti, sauran maza a tsaye, mata daga nesa. Mze Bakari ya ce Shaikh ya tashi ya yi magana. Wata da watanni yana jiran kalmar nan, sai ga ta ta zo masa a haka. Aka tambaye shi ko yana dukanta. Aka tambaye shi ko yana hana ta sutura. Aka tambaye shi me ya sa ya ƙi a girmama ta da biki, alhali ba shi zai biya ba.

Ya amsa biyun farko a gajarce. Da aka zo ta ukun ya ga ƙofa ta buɗe, ya shiga. Ya yi hamdala, ya jawo aya, ya kawo hadisi. Ya yi magana a kan mutumin da zai ƙare ƙuruciyarsa a ƙasar wasu don mako guda, da masallacin da aka raba wa ƙofa biyu, da cewa ba yanka sa ba ne ke sa mutum ya cika. Muryarsa ta dawo, har a bakin teku ana ji. In ya tsaya, Abdulsalam ya fassara. Sai dai ya lura shi yana yin doguwar magana, tafinta kuma ya yi 'yar gajera. Dattawa suna gyaɗa kai, fuskokinsu suna sakewa. Da ya kai wurin da ya fi zafi, har wani ya share hawaye. Daga can mata suka rangaɗa guɗa.

Aka yanke hukunci: Shaikh zai saya wa Hajiya zane, ya koma ɗakinta. Mata suka rako shi da waƙa da tafi har ƙofa, yara suna ɗauke da littattafansa.

Da gari ya waye ya je ya sami Abdulsalam a bakin teku yana ɗinkin taru.

"Me ka ce musu?"

Abdulsalam bai ɗago ba. "Na ce ka yi nadama. Na ce Hajiya ce fitilar gidanka, kuma ka ƙi bikin ne don kunyar ɗora wa gari nauyi."

"Ayoyin fa? Hadisan fa?"

"Waɗannan sun ji su da Larabci."

"Ka ci amanata! An haɗa ni da kai don ka zama bakina!"

"Ya Shaikh, kai za ka koma Madina. Ni a nan za a binne ni. Na daɗe ina tara kuɗin nawa babban auren. Mahaifiyata ta tsufa, abin da take jira kawai ta ga ranar da zan shiga ta ƙofar gaba. Kawuna yana kan dakalin nan jiya. In maganar nan ta fito daga bakina, ba za a ce Shaikh ya ce ba, za a ce Abdulsalam ya ce."

"Amma ka san gaskiya na faɗa."

"Na san akwai gaskiya a ciki. Na kuma san akwai gidajen da ba sa ganin nama sai ranar irin wannan biki. Wannan ba ka sa shi a wa'azin ba, don ba ka tambaya ba."

Malam ya juya ya tafi. Ya yi mako ba ya yi masa magana, amma da yake ba shi da wanda zai yi wa magana in ba shi ba, dole ya sauko. Zanen ma Abdulsalam ne ya raka shi ya saya.

Da zafi ya dawo da ruwansa, zazzaɓin cizon sauro ya kama Azumi. Ta warke, ya sake dawowa, karo na biyun ya fi tsanani. Tana rawar ɗari a ƙarƙashin barguna da tsakar rana, Hawa tana goga mata ganye a ƙafa. Da ta ɗan farfaɗo ta kama hannun rigar Malam.

"Ka mai da ni gida."

Likitan birni ma ya ce a shekarunta gara a tafi da ita. Malam bai yi gardama ba. Ko shekara ba su cika ba.

Ƙauyen ya sake fitowa rakiya. Hawa ta yi kuka har muryarta ta dishe. Mze Bakari ya riƙe hannun Malam ya yi jawabi, kuma wannan karon Abdulsalam ya fassara duka: wai sun ga malamai da yawa, amma ba su taɓa ganin mai kawaici da ƙarancin magana irin wannan ba. Malam ya dubi tafintan, tafintan ya dubi teku.

A Madina Azumi ta yi 'yan kwanaki a asibiti ta miƙe. Ranar da aka sallamo ta ta shiga kicin ɗinta ta rufe ƙofa, ta kaɗa miyar kuka, ba ta bari kowa ya taya ta ba. Balarabe ya tambayi ubansa, "Kef al-jazira ya abuya?" Wai yaya tsibiri. Malam ya gyara zama zai fara, sai ya ga ɗan ya kai hannu yana murɗa rediyo, ana wasan ƙwallo.

A ofishin ƙungiyar wani matashi mai sabon gemu ya karɓe shi da shayi, ya tambaye shi ɗalibai nawa ya bari a can. Malam ya fara bayanin ƙofa biyu da babban aure. Matashin ya saurara kaɗan, ya ce ma'alesh, wato ba komai, wataƙila aikin ya fi dacewa da masu jini a jika, za su duba. Ba su sake nemansa ba.

Ya koma zaman shagon Maikuɗi. Labarin tsibiri kuwa, duk wanda ya ba shi, wurin shanyar littattafan kawai yake so a maimaita masa, don Azumi ta riga ta baza shi a gidajen suna da na biki. Ran nan wasu leburori uku 'yan Nijar da ke aikin gini kusa da Harami suka zo sayen barkono, ɗayansu ya ji an ce wa Barau malam, ya tambaya ko zai gyara musu karatun sallah. Maikuɗi ya ba su bayan shago, tsakanin buhunan citta, ranar Juma'a bayan la'asar. Suna zuwa da siminti a gashin ido. Ba a yi nisa ba ɗan kwangila ya kwashe biyu ya kai su garin Yanbu. Saura ɗaya, Ashafa, wanda tun fari shi ne ba ya kai ƙarshen sura sai kansa ya fara rinjaya.

Malam ya duba shi, ya duba buhunan, ya bugi tabarma da tafin hannu.

"Tashi, Ashafa! Daga farko."